Amsa: Masaukin ruwan zafi na bakin teku a Japan

Hajiya, kin tambaya ko ke da maigida za ku iya sauka a irin masaukin nan da Japanawa ke kira ryokan ba tare da matsalar tsiraici da abinci ba. Za ku iya, sai dai a shirya tun daga gida.

Ni dai Beppu zan ce ku nufa, a tsibirin Kyushu. Garin na bakin teku ne, tururin ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa na tashi daga magudanan titi kamar ana dafa wani abu a ƙarƙashin ƙasa. Akwai masallaci kuma, ga ɗalibai Musulmi da yawa a jami'ar Ritsumeikan Asia Pacific (APU) da ke garin.

Wankan gama-gari tsirara ake yi, maza daban mata daban, ko tawul ba a yarda ya taɓa ruwan ba. Don haka ku kama ɗaki mai kwarmin wankansa, ko ku nemi keɓaɓɓen wurin wanka da ake kira kashikiri, ku biyu kaɗai, ƙofa a kulle. Sai an yi wanka da sabulu tas kafin a shiga. Zafin ruwan yakan kai digiri 40 zuwa 42, kada ki daɗe ciki, jiri yake sawa.

Abincin dare, kaiseki, shi ne abin lura. Ƙananan kwanuka ake jerowa ɗaya bayan ɗaya, yawanci kifi da kayan lambu, amma suna zuba sake da mirin, wato nau'o'in giyar shinkafa, a miya. Ku rubuta musu tun kwanaki kafin zuwa, don ranar ba sa sauya girki. Kuɗin kuwa kan mutum ɗaya ake lissafawa, ba kan ɗaki ba, har da abincin dare da karin kumallo.