Furosesa ta kai digiri 94 a shagon Jekadafari: ta iska za ta iya, ko sai ta ruwa?

Tambaya

Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon haɗa bidiyon biki da walima a Jekadafari, cikin garin Gombe. Kwamfutata ta tebur ce, shekara biyu ke nan da aka haɗa min ita. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi, Ryzen 5 5600X ce, kuma har yau 'yar ƙaramar fankar da ta zo a kwali ɗaya da ita ce a kai. Lokacin hunturu lafiya lau, amma tun shigowar watan Maris, da na fara fitar da bidiyo sai zafinta ya haura 93 ko 94, fankar ta yi ta gunji kamar injin markaɗe, aikin kuma ya dinga jan ƙafa. Wani abokina ya ce in ban sayi na'urar sanyaya mai ruwa ba, wata rana sai ta ƙone. Shin mai aiki da iska zalla za ta iya da zafin garin nan, ko in haƙura in tara kuɗin mai ruwan?

Amsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara kasuwa. Fara kwantar da hankalinka, ba za ta ƙone ba. Kamfanin AMD ya sa wa 5600X iyaka a digiri 95, kuma da ta doshi wurin sai ta rage gudu da kanta. Jan ƙafar da kake gani kariya ce take yi wa kanta. Lokaci kake asara, ba furosesa ba. Sai dai duk wanda uwar amarya ke bugo wa waya sau uku a wuni tana tambayar bidiyo ya san wannan ma ba ƙaramar asara ba ce.

Abin da abokinka bai faɗa maka ba shi ne, babu na'urar da ke ƙirƙirar sanyi a cikin kwamfuta, ta iska ce ko ta ruwa. Dukansu 'yan dako ne: su ɗebi zafi daga kan furosesa su zubar da shi cikin iskar ɗakin da kake zaune. Mai ruwan ma ƙarshenta fanka ce ke hura iskar shagonka a kan lagiretonta. Saboda haka ba adadin da ka gani a allo kaɗai za ka duba ba, tazarar da ke tsakaninsa da zafin ɗaki ita ce ainihin ma'aunin aikin fanka. Misali, ka ga wani Bature a YouTube ya gwada irin furosesarka ya samu 70. Ɗakinsa wataƙila 22 ne, tazara 48 ke nan. Ɗauko kwamfutar tasa yadda take, ka ajiye a shagon da ke ƙarƙashin kwano babu silin, ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, inda ɗakin ke iya kai 38. Za ta nuna maka kusan 86, alhali ba abin da ya lalace. Mutanenmu da yawa sun kashe kuɗi suna bin adadin da ba za a taɓa samu a Gombe da bazara ba sai da na'urar sanyaya ɗaki.

Don haka kafin ka sayi komai, yi gwaji. Sa manhajar HWiNFO ko HWMonitor, masu nuna zafin furosesa, duka kyauta ne, ka fitar da wani bidiyo da ka sani na kamar minti goma, ka rubuta inda zafin ya tsaya. Kada ka damu da tsalle-tsallen da yake yi in ka buɗe Chrome ko wata manhaja, ya haura ya sauko cikin daƙiƙa biyu. Halin waɗannan Ryzen ɗin ne, domin ɓangaren da ke aikin a ciki ɗan mitsitsi ne, zafin ya kan taru wuri guda kafin ya watsu. Sannan cire murfin gefen akwatin ka maimaita gwajin. Idan zafin ya sauka sosai, to akwatin ne ke shaƙe ta, kuma ko wace irin fanka ka ɗora mata, iskar da ta riga ta yi zafi za ta ci gaba da juyawa.

Ka ce da hunturu lafiya lau. A nan nake zargin rabin matsalarka ta samo asali. Ƙurar Disamba da Janairu ba ta nuna illarta lokacin, saboda gari da sanyi, sai zafi ya shigo asiri ya tonu. An taɓa kawo min wata kwamfuta daga wani shagon buga katin gayyata, da na cire fankar sai ga ƙura ta daskare tsakaninta da faifayen alminiyam, ta zama kamar guntun bargo, har da yatsa biyu na ɗago ta ɗungurungum. Fankar tana juyawa, ƙara na tashi, amma iska ba ta ratsawa. Mai ita kuwa, don tsoron ƙurar, ya kan lulluɓe akwatin da zane har lokacin da take aiki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Fita da kwamfutarka waje, a kashe kuma a zare daga soket, ka hure ta da bulowa. Riƙe fukafukan kowace fanka da yatsa yayin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kada ka kai ta wurin mai faci, domin iskar tankinsa tana tafe da danshi, wani lokaci har da mai. Tsohon buroshin goge baki busasshe ya isa ya kankare abin da ya manne. Kuma tunda busasshen yanayi yana sa jiki ya tara lantarki, irin wanda ke ɗan jan mutum in ya taɓa ƙofar mota, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu kan madabod, wato babban allon da furosesa da sauran kayan ciki ke zaune a kai.

Yanzu ga amsar tambayarka kai tsaye: eh, mai iska za ta iya, har da rara. 5600X ba mai cin wuta ba ce, an rubuta mata wat 65, kuma a saitinta na kamfani ba ta wuce wat 76. Matsalar ita ce fankar da ta zo da ita, Wraith Stealth, dunƙulen alminiyam ce kawai da fanka a sama, ba ta da bututun ɗaukar zafi ko ɗaya, kuma ƙasa take hura iskar, kan madabod, inda zafin ke sake zagayowa. An yi ta ne don ta wadatar, ba don mai fitar da bidiyon awa biyu a bazara ba.

Abin da kake buƙata shi ne mai siffar hasumiya, wadda ke tsaye tana tura iska zuwa bayan akwati. Sirrinta yana cikin waɗannan bututun jan ƙarfe da ke lanƙwasowa daga gindinta su ratsa faifayen. Ba ƙarfe ne zalla ba. Kowanne a toshe yake, an zuƙe iskar cikinsa an bar ɗan ruwa kaɗan. Da yake babu matsin iska, ruwan yana zama tururi tun zafi bai yi nisa ba, tururin ya ruga sama inda fanka ke hurawa, ya huce ya koma ruwa, wani sashe mai kama da lagwani a bangon bututun ya janyo shi ya dawo ƙasa. Hikimar randa ce, wadda ke sanyaya ruwa ta hanyar gumin da ke tashi daga jikinta, sai dai a nan gumin ba ya tserewa ko'ina. Ka ga ke nan ita ma ta ruwa ce a ɓoye, amma babu famfon da zai mutu, babu tiyon da zai yi yoyo. Abin da kawai zai iya lalacewa a jikinta fanka ce, ita kuwa a minti biyar an canza. Mai ruwan da abokinka ke nufi tana da amfaninta ga manyan furosesa masu cin wat 200 zuwa sama, amma ranar da famfonta ya tsaya sai dai a sayi sabuwa gaba ɗaya. Ni a wurina, ɗora ta kan 5600X kamar ɗauko tirela ne don buhu guda na gero.

Mai bututu huɗu da fanka ɗaya ta milimita 120, irin DeepCool AK400 ko Cooler Master Hyper 212, ta ishe ka. Idan aljihu ya yarda, ko kana tunanin haurawa zuwa babbar furosesa nan gaba, Thermalright Peerless Assassin 120 tana da bututu shida da hasumiya biyu. Noctua NH-D15 ita ce wadda ake ji da ita, amma tsada gare ta kuma ta fi ƙarfin buƙatarka. Abu biyu ka tabbatar kafin ka miƙa kuɗi, ko a Gombe ka samu ko sai an aiko maka daga Kano ko Legas. Na farko, kwalin ya nuna tana hawa soket AM4, wato irin mazaunin da furosesarka ke ciki a kan madabod, kuma ƙarafan ɗaure ta suna ciki, domin masu sayar da na hannu sun sha miƙo hasumiya tsirara. Na biyu, tsayi. AK400 milimita 155 ce, NH-D15 kuwa 165. Ɗauki tef ka auna daga saman furosesa zuwa murfin gefe. Ba mutum ɗaya ba ne ya gama ɗaurawa sannan murfi ya ƙi rufuwa.

Wajen cire tsohuwar ne nake so ka natsu ƙwarai, domin nan ake yin gyaran gangar Auzinawa. Furosesar AM4 ƙafafunta a jikinta suke, siraran allurai sama da dubu, kuma man da ke tsakaninta da fanka in ya shekara biyu ya kan bushe ya riƙe kamar gam. In ka fizgo sama kai tsaye, furosesar za ta biyo fankar ta fito daga soket, ƙafafu su lanƙwashe. Ka bar kwamfutar ta yi aiki na 'yan mintuna man ya yi laushi, sannan ka kashe, ka kwance sukurori huɗun kaɗan-kaɗan, ka murɗa fankar hagu da dama a hankali har ta saki da kanta. Farantin ƙarfen da ke bayan madabod kada ka yar, yawancin sababbin a kansa suke ɗauruwa. Kwantar da akwatin ko ka tallafe farantin da hannu, don in sukurorin sun fita yana iya zamewa.

Goge tsohon man da tsumma mai tsabta da sifirit na kemis, ka bari ya bushe. Ban da fetur, ban da tina. Sabon man, ko wanda ya zo a kwalin ko irin Arctic MX-4, ɗigo guda kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa, matsin ɗaurin zai baza shi. Aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ba sanyaya ba, don haka lafta shi ba ya ƙara komai. Man goge baki da giris da wasu ke shafawa, kwana kaɗan su bushe ko su tsiyaye. Sai kuma abin dariya da ban haushi: a gindin sabuwar hasumiya akwai siririyar leda da aka manna. Na taɓa karɓar kwamfutar da aka sa wa sabuwar fanka mai tsada amma zafinta ya fi na da, ina ɗagawa sai ga ledar nan da jan rubutunta na gargaɗi, an shafe ta da mai tsaf. Ɓare ta tukuna. Ɗaure sukurori bi da bi, wannan kusurwa sannan mai kallonta, har su tsaya da kansu, ka soka wayar fankar a inda aka rubuta CPU_FAN.

Fankar hasumiyar ta fuskanci baya: iska ta shigo ta gaban akwati, ta ratsa faifaye, ta fita ta fankar baya. In ka rikice, kunna turaren tsinke ka kusantar, hayaƙin zai nuna maka inda take bi. Idan akwatinka irin mai gilashi a gaba ne da fitilu kala-kala amma babu ramin shan iska, kyau ne kawai. Aƙalla a samu fanka biyu masu shigarwa da ɗaya mai fitarwa, da raga a gaba wadda za ka riƙa wankewa duk sati biyu da hunturu. In mai shigowa ta ɗan fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun kutsowa ta ramukan da babu raga. Ɗaga akwatin daga ƙasa, ka janye shi daga jikin bango kamar taki guda.

Akwai kuma maganin da ba na kuɗi ba a cikin BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga da an kunna kwamfuta, ƙarƙashin Precision Boost Overdrive. Eco Mode yana mayar da ita kamar mai wat 45, zafi ya sauka, gudun ya ɗan ragu. Curve Optimizer kuwa yana rage ƙarfin lantarkin da take sha a kowane mataki na gudu. Fara da ragin 10 a dukan ɓangarorinta shida, ka yi aiki da ita kwana biyu. Idan ta fara mutuwa tana tashi da kanta, ka rage ragin. Ko kafin sabuwar hasumiyar ta iso, Eco Mode da kakkaɓe ƙura za su raba ka da 94. Dogayen bidiyon kuma, in akwai wuta, ka bar su sai bayan isha'i ko da asuba.

Bayan ka ɗaura, maimaita gwajin farko da bidiyo ɗaya, a lokaci ɗaya na rana, don kada sanyin safiya ya yaudare ka. A abin da na saba gani, sauyi daga Wraith Stealth zuwa hasumiya yana sauke digiri goma ko fiye. Idan ka ga tana zaune tsakanin 75 da 82 a tsakiyar Afrilu tana fitar da bidiyo, bar ta haka. Idan kuwa ba ta motsa daga 90 ba, kwance ta ka dubi yadda man ya bazu a gindi: in gefe ɗaya ya taru gefe ɗaya babu, ɗaurin ne ya karkace.