Tambayi Likita: Zazzaɓin wata biyu, ashe daga zuciya yake

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana tela ne, shekararsa 41. Ya yi wata biyu yana zazzaɓi da gumin dare, ya sha maganin maleriya sau uku, na taifot sau biyu. Da ƙafafunsa suka kumbura muka kai shi asibiti, aka ce ƙwayoyin cuta sun kama bawul ɗin zuciyarsa. Me ke jawo wannan? Ana warkewa kuwa? Daga wata uwargida a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya, ke kuma sannu da jinya.

Zuciya tana da bawul guda 4, aikinsu kamar ƙyaure ne, su buɗe jini ya wuce, su rufe kada ya dawo. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini suka tarar da bawul mai tabo, sai su maƙale a wurin, su yi ta hayayyafa har su tara wani curi. Likitoci na kiran ciwon endokaditis.

Ki tambayi mahaifiyarsa ko ya yi fama da ciwon maƙogwaro da kumburin gaɓoɓi yana yaro. A nan Arewa, yawancin masu wannan ciwo da nake gani daga can tabon ya samo asali, an bar maƙogwaron ba a yi masa magani ba, ya lalata bawul a ɓoye, sai bayan shekaru abin ya fito. Sauran masu haɗari su ne wanda aka sa wa bawul na roba ko na ƙarfe, mai wankin ƙoda, mai yi wa kansa allurar ƙwaya a jijiya, da wanda ya taɓa yin ciwon. Ruɓaɓɓen haƙori da dasashi mai jini ma ƙofa ce babba.

Ana warkewa, amma ba zan ɓoye miki ba, ciwo ne mai nauyi. Ko a ƙasashen da ke da kayan aiki, kusan mutum 1 cikin 5 ba ya fita daga asibiti da rai, kuma kusan rabi sai an yi musu tiyata. Abin ya fi tsanani ga tsofaffi, masu ciwon suga, da wanda ƙwayar Stafilokokus ta kama. Ƙuruciyar maigida tana taimakonsa. Kumburin ƙafar nan ne bai kwanta mini ba, don yana iya nuna zuciya ta fara gajiya, ki tambayi likitansa ƙarara ko akwai maganar tiyata.

Wata biyun nan ne ke ci mini rai. Na taɓa duba wani magidanci da ya zo da baƙar leda cike da fankon kafso daga kemis, ya zazzage ta a kan teburina. Muka ɗibi jininsa sau 3 don gano ƙwayar cutar, babu abin da ya tsiro, saboda magungunan sun ɓoye ta ba su kashe ta ba. Haka muka yi ta magani a duhu. Duk mai tabon zuciya da zazzaɓinsa ya wuce mako guda, ya nufi babban asibiti irin Barau Dikko ko Shika, a ɗibi jini kafin ya haɗiyi ko kafso ɗaya.

Maganin allura ce ta jijiya, mako 4 zuwa 6. Nan da kwana goma zai iya jin sauƙi ya ce a sallame shi, ɗinkin mutane na jiransa. Don Allah ki tsaya tsayin daka, kada a yanke. Idan kuma kika ga bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ya saki, ko numfashi ya gagara in ya kwanta, kira nas nan take ko da tsakar dare ne, domin ɓarɓashin curin kan ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, gagarar numfashi kuma tana iya nuna zuciya ta gaji. Ba a ɗaukar ciwon daga mutum, ku ci abinci kwano ɗaya ba komai. Bayan sallama a kai shi likitan haƙori, kuma ya faɗa masa tarihin zuciyarsa kafin a taɓa bakin.