Kada Ka Buɗe Mata Hazo

Ƙanena, ka tambaye ni me ya sa abokin karawar da ka gina a wasan yaƙinka na kwamfuta, wato ɓangaren da kwamfuta ke bugawa da kanta, yake ta wauta, alhali tun 1997 kwamfutar IBM, Deep Blue, ta kayar da zakaran duniya na lokacin, Garry Kasparov, a darar ces. Har kana tunanin ɗauko dabararta ka dasa a naka.

Ba za ta dasu ba. A ces bi da bi ake yi, komai yana fili, kuma abin da ke gaban ɗan wasa a kowane zagaye bai wuce motsi kusan 35 ba. Kwamfuta na iya cewa in na yi kaza zai yi kaza, ta bi rassan nan har zurfi, ta sare marasa amfani. A wasan Go, wata dara ta ƙasar Sin, motsin ya kai kusan 250, shi ya sa sai a 2016 manhajar AlphaGo ta doke gwanin wasan, Lee Sedol, huɗu da ɗaya. To naka fa? Dakaru ɗari, kowanne na iya nufar ko'ina, ga gini, ga tara dukiya, kuma babu mai jiran wani. In hoto yana sabuntawa sau 60 a sakan guda, kusan milisakan 16 ke gare ka, mafi yawansu kuma zane ne zai cinye. Neman hanya kaɗai, ko da A*, dabarar lissafa hanya da ake amfani da ita tun 1968, ya isa ya cinye saura in kowane soja zai lissafa tasa. Lissafa wa runduna hanya ɗaya, ka raba tunanin hawa-hawa: sarkin yaƙi yana duba taswira jefi-jefi, soja yana duba abin da ke gabansa kawai.

Amma inda aikin yake shi ne hazo, wato ɓangaren taswirar da ba ka gani sai ka tura wani. Na san abin da zuciyarka ke raya maka: a buɗe wa kwamfuta taswirar duka a huta, ai layi ɗaya ne a rubutun manhajar. Kada ka yi. Ɗan wasa zai zagayo da mahayansa ta bayan dutse, ya tarar an riga an jera masa masu baka a wurin, ba tare da ɗan leƙen asiri ko ɗaya ya gan shi ba. Sau biyu ya isa ya gane maguɗi ne, daga nan kwanton ɓauna da yaudara sun mutu a wasanka, su ne kuwa daɗinsa.

Gina mata ƙwaƙwalwa maimakon haka. Ta rubuta abin da ta gani, da inda ta gan shi, da yaushe, kuma yardarta da labarin ta riƙa raguwa yayin da yake tsufa. Ta raba taswira gida-gida, kowane gida da makin ƙarfinta da na maƙiyi, ta tura ɗan leƙe inda labari ya kwana biyu. Irin wannan kwamfutar tana ruɗuwa, haka kuma ake so. In kana son ƙara wuya, ƙara mata dukiya a fili yadda wasan kwamfuta na Civilization ke yi a matakansa masu wuya. Mutane suna ƙorafi, amma suna haƙura, don an gaya musu.

Ko manya sun sha wannan. Manhajar AlphaStar ta kamfanin DeepMind ta lallasa ƙwararrun wasan yaƙi na StarCraft II biyu, TLO da MaNa, a ƙarshen 2018, lokacin tana kallon duk inda ba hazo a tashi ɗaya. Da aka tilasta mata juya kyamara kamar mutum, wato kallon ɓangare ɗaya na taswira a lokaci guda, a Janairun 2019 MaNa ya yi ta sauke 'yan tsirarun mayaƙa a bayan sansaninta yana kwashewa, rundunarta na kai da kawo, har ya cinye ta.

Sai batun mataki mai sauƙi. Kada ka sa ta wautar da gangan, irin tura soja ɗaya cikin goma. Kowa zai gane raini ne. Jinkirta ta kawai: ta makara wajen ganin hari, ta rage leƙe, ta daɗe tana yarda da tsohon labari. Kuskuren mutum kenan, wanda ya ci ta zai ji shi ya ci.

Kafin ka ƙara wata dabara, zana mini a allo abin da take zato: inda take jin maƙiyi yake, da gidan da take son kai wa hari, da dalilinta. Sannan ka haɗa kwafinta biyu su kwana suna karawa, ka ajiye duk wasan da wata ta tsaya cak ko ta cushe a bakin gada. Kawo mini waɗannan gobe mu fara da su.