Filin Amsa Tambayoyi: Shin sukarin zuma daban yake da na shayi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Gombe. A darasin kemistiri an koya mana cewa gulukos da furuktos fomularsu ɗaya ce, amma kuma aka ce sinadarai biyu ne daban. Ta yaya haka za ta yiwu? Sannan mahaifina yana fama da ciwon sukari, ya daina sa sukari a shayi ya koma zuma, wai ita babu sukari a cikinta. Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata, Allah Ya ba Baba lafiya. Gaskiya ne cewa kowace ƙwayar gulukos ko furuktos tana ɗauke da atom 6 na kabon, 12 na haidurojin da 6 na oksijin, wato C6H12O6, kuma galaktos, wani nau'in sukari, ma haka yake. Sai dai fomula yawan kayan gini kawai take faɗa, ba ta nuna yadda aka jera su, kuma magina biyu suna iya ɗaukar tubali adadi ɗaya kowa ya fitar da irin ɗakinsa.

Ana kiran waɗannan sinadarai monosakarid, wato sukarin da ruwa da asid ba sa iya raba shi zuwa wani sukari mafi ƙanƙanta, kuma ana karkasa su ta hanya biyu. Ta farko ita ce ƙirga kabon: mai 3 shi ne tirayos, mai 5 pentos, mai 6 hekzos. Raibos, wanda yake cikin sinadarin RNA mai isar da saƙon gado a cikin ƙwayoyin halitta, pentos ne. Hanya ta biyu, wadda ita ce amsar tambayarki, tana duba inda kabon da ya riƙe oksijin da ɗauri biyu yake zaune. Idan yana bakin sarƙar, sukarin aldos ne, kamar gulukos. Idan kuwa yana cikin sarƙar, ketos ne, kamar furuktos, wanda nasa yake kan kabon na biyu. Tsakanin gulukos da galaktos bambancin ya fi wannan ƙanƙanta, domin dukansu aldos ne, kuma a kan kabon na huɗu kaɗai wani reshe ya fuskanci wani ɓangare dabam. Bajamushe Emil Fischer ne ya warware wannan jeri a 1891, aikin da yake cikin dalilan ba shi kyautar Nobel a 1902, kuma ina ganin ya cancanci kowane ɗalibi ya san shi, ganin cewa ya yi shi ba tare da na'urorin zamaninmu ba.

Wannan ɗan bambanci jiki ba ya raina shi. Furuktos ya fi gulukos zaƙi nesa ba kusa ba, kuma hanta ce take sarrafa mafi yawansa, alhali gulukos shi ne yake yawo a jini, shi ne kuma na'urar gwajin sukari take aunawa.

Game da Baba, sukarin da ake samu daga rake sunansa sukuros, kuma ƙwayar gulukos ɗaya ce haɗe da furuktos ɗaya, waɗanda ƙaramin hanji yake raba su kafin su shiga jini. Ƙudan zuma kuwa sun riga sun yi wannan rabawar tun a amya, shi ya sa a zuma ake samun furuktos kimanin kashi 38 cikin 100 da gulukos kimanin kashi 31. Saboda haka zuma tana ɗaga sukarin jini, kuma shanta ba tare da awo ba haɗari ne ga mai wannan lalura. Ki isar masa da wannan cikin ladabi, ki roƙe shi ya nemi shawarar likitansa, ya kuma tuna cewa sitacin tuwon masara, shinkafa da rogo ma dogayen sarƙoƙin gulukos ne ko da harshe bai ji zaƙinsu ba.

Tambaya: Na sayi zuma a kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, da sanyin hunturu ya shigo sai ta daskare ta yi tsaki-tsaki. An haɗa ta da sukari ke nan?

Amsa: Malam, daskarewa kaɗai ba hujja ba ce a kan mai sayarwa, don haka kada a yi gaggawar zarginsa. Gulukos bai kai furuktos narkewa a ruwa ba, ruwan da ke cikin zuma kuma bai wuce kimanin kashi 17 cikin 100 ba, saboda haka idan gari ya yi sanyi gulukos ɗin yakan rabu ya zama ƙananan ƙwayoyi. Zumar da gulukos ya yi yawa a cikinta ta fi saurin yin haka, wannan kuma ya danganta da furannin da ƙudan suka tsotsa. Tabbatar da algus sai a ɗakin gwaji. Ka sa kwalbar a cikin ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, kana juya ta lokaci zuwa lokaci har ƙwayoyin su narke.