Na murɗa makulli ta yi ƙwas ta yi shiru, demare ne ya mutu?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya zafi. Ina da tsohuwar Corolla ina taksi da ita nan Garwa, yau kwana biyar kenan in na murɗa makulli da safe sai ta yi ƙwas sau ɗaya ta yi shiru, sai yaran unguwa sun tura ni sannan ta tashi. Wani makaniki ya ce demare ne ya mutu in sayi sabo, ni kuma wallahi kuɗin babu. Ya zan yi? Daga direba a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya rufa asiri. Tunda tana tashi da turi to inji lafiya lau, mai na zuwa, wuta na zuwa, matsalar tana tsakanin batir da wayoyi da demare ɗin (na'urar da ke juya inji ya tashi, shi ne mutanen Najeriya ke ce wa kik). Amma kar ka sayi komai tukuna.

Gobe da safe kunna fitilun gaba sannan ka murɗa makulli wani ya duba maka. In fitilun sun dushe sosai ko ka ji tana kat-kat-kat da sauri, batir ne ko kan batir. Ka san zafin Garwa, watan Maris da Afrilu ana wuce digiri 40, ruwan batir ƙafewa yake kuma kan batir ya tara wannan farin garin ya hana wuta wucewa. Kwance shi ka goge da sanfefa ka ɗaure tamau, ka kuma bi baƙar wayar nan ta mas (wato negatib) da ke zuwa jikin mota da inji, sau da yawa ita ce ta saki. Mai gyaran wuta ya auna maka, batir mai cike volt 12.6 yake nunawa, lokacin murɗawa kar ya faɗi ƙasa da 9.6, in inji na aiki kuma ya kamata ka ga wajen 14, in ba haka ba alternato (na'urar da ke cajin batir) ba ya caji. Ina baƙin ciki in na ga direba ya zuba kuɗin abincin gidansa a demare alhali noti ɗaya ne ya kwance.

To in fitilun sun tsaya da haskensu kuma ƙwas ɗin guda ce kamar yadda ka faɗa, nan kam zargi ya koma kan demare. Sa mota a fri ka ja birkin hannu, wani ya murɗa makulli ya riƙe kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin demare da sifana, a hankali fa don wasu akwai maganaɗisu a ciki yana fashewa. In ta tashi to gawayin ciki ne ya cinye ko tagullar solenoyid (makunnin da ke ba demare wuta) ta ƙone, duka biyun ana canza su ba sai an sayi sabo ba, kuma a Toyota tagullar nan ce ta fi yawan kawo wannan ƙwas ɗin.

In an buɗe an ga koyil (naɗin wayar ciki) ta ƙone sai canji. Fara cire kan batir na mas kafin ka taɓa komai, don babbar wayar demare kai tsaye take daga batir, sifana ta taɓa ƙarfe sai tartsatsi da ƙuna. Sai ka cire babbar wayar da ƙaramar ta makulli, ka kwance kusoshin nan biyu da suka riƙe shi jikin giyabos. Ɗauki tsohon ka je kasuwa da shi, ko sabo za ka saya ko okaziyo (na hannu), a jera su a ƙirga haƙora a ga sun yi daidai, a jona shi da batir a gabanka ka ga ya harbo yana juyawa kafin ka biya. Wajen mayarwa kan batir na mas shi ne na ƙarshe.

Kafin ka gyara kuma ka daina danne makulli fiye da daƙiƙa 10, hakan ne ke ƙona koyil ɗin. Ka rubuto mana abin da fitilun suka nuna.