Afonso de Albuquerque da mulkin Fotugal a Tekun Indiya

Tambaya: Vasco da Gama ne ya fara kai jiragen Fotugal ƙasar Indiya a 1498. To me ya sa masana tarihi suke ɗaukar Afonso de Albuquerque a matsayin wanda ya kafa mulkin Fotugal a Asiya?

Amsa: Da Gama hanya ya buɗe, Albuquerque kuwa shi ne ya gane cewa ƙasa mai ƙarancin jama'a irin Fotugal ba za ta iya mamaye Asiya ba, amma za ta iya tsare mashigan teku da fataken masoro da kanumfari suke ratsawa, ta yadda duk jirgin da zai wuce sai da yardarta.

Bai sami kujerar gwamnan Fotugal a Indiya cikin sauƙi ba, domin wanda ya gada, Francisco de Almeida, ya ƙi sauka, har ya sa aka tsare shi, sai a ƙarshen 1509 ya karɓi ragama. A 1510 ya ƙwace Goa, wani gari a gaɓar yammacin Indiya, daga hannun Sarkin Bijafur, aka fatattake shi, ya koma cikin jiragensa ya sha yunwa tsawon damina, sannan ya dawo ya sake cin garin ranar 25 ga Nuwamba. Abin da ya biyo baya abin takaici ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba: dakarunsa sun yi wa Musulmin garin kisan gilla, shi da kansa ya rubuta wa Sarki Manuwel na Fotugal labarin yana alfahari. Daga nan ya ƙarfafa wa sojojinsa su auri matan ƙasar su zauna, don mulkin ya yi saiwa.

Ya ci Malaka, tashar jiragen ruwa da ke Malesiya ta yanzu, a 1511, ya kammala mallake Hurmuz, da ke mashigar Tekun Fasha, a 1515. Adan, birnin Yaman da ke kusa da mashigar Bahar Maliya, ita ce ta gagare shi a 1513, inda tsanukan da mayaƙansa suka jingina da ganuwa suka karye saboda nauyi, aka janye da asara. Wannan rashin nasara ya bar Bahar Maliya a buɗe ga fataken Musulmi da mahajjata.

Maƙiyansa a fada sun yi ta sukarsa wurin sarki, har aka naɗa abokin gabarsa, Lopo Soares de Albergaria, ya maye gurbinsa. Labarin ya riske shi a teku yana fama da ciwo, ya mutu cikin jirgi daf da Goa ranar 16 ga Disamba 1515. Garin ya ci gaba da zama a hannun Fotugal har 1961, lokacin da sojojin Indiya suka karɓe shi.