Tagwayen masu na Sarki ne, uwar maƙera ce tamu

Ɗana, assalamu alaikum. Saƙonka ya iso tun ranar Laraba, ƙanwarka kuma ta nuna mini zanen a waya. Ka ce ku matasan gidanmu za ku buga kalanda da riguna na taron zumuncin bana, kana so a yi wa zuri'armu tambari irin na gidajen sarautar Turawa: garkuwa a tsakiya, tagwayen masu a bayanta, rawani mai kunne biyu a sama, a ƙasa kuma a rubuta "Gidan Galadima", tunda haka abokanka ke kiranka tun kuna makaranta. Ka tambaye ni ko akwai laifi a al'ada. Akwai laifi, ɗana, kuma Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka kai wa mai bugawa.

Su Turawan da kake koyi da su, wajen ƙarni na 12 suka fara zana alamu a jikin garkuwa, domin mayaƙinsu kan shige cikin sulke da kwalkwali har fuska, ba a gane shi sai da abin da ke garkuwarsa. Daga baya ɗa ya riƙa gadon zanen ubansa. A Ingila har ofishi aka kafa a Landan a 1484, wanda har gobe shi ke tantance wa ya cancanci wane zane. A daidai wannan lokacin Muhammadu Rumfa ne Sarkin Kano, daga 1463 zuwa 1499, kuma shi tarihin Kano ya danganta wa kakaki da figini da takalmin gashin jimina. Ka lura da waɗannan ukun: ɗaya busa shi ake yi, ɗaya fifita ake yi da shi, ɗaya kuma sa shi ake yi a ƙafa. Haka alamar sarautarmu take. Ba a kan garkuwa aka zana ta ba, kunne ke jin ta, ido ke ganinta a jikin mai ita.

Ita kanta kalmar tambari da kuke faɗa wa zanen kamfani, asalinta ganga ce. Babbar ganga ce mai kamar ƙwarya, ba a kaɗa wa kowa ita sai sarki. Ana buga ta ran naɗi, da daren Salla, da can ran fita yaƙi. Mutumin ƙauye yana kwance a ɗakinsa, in ya ji ta ya san Sarki ne, ba sai an gaya masa ba. Ina ganin shi ya sa da zamani ya zo da alamun takarda muka ara musu sunan. Abin da sarakunanmu ke bugawa a kan wasiƙa kuwa hatimi ne, kalmar Larabci, sunan sarki ne a rubuce a ciki.

To tagwayen masu da ka sa a zanenka, a Kano kayan Sarki ne shi kaɗai. Ba Waziri, ba Galadima, ba ɗan da ya haifa. Ran hawa za ka gan su a hannunsa, yana ƙarƙashin laima, zagage na gaba, dogarai sanye da ja da kore suna kewaye. Kowace masarauta da irin nata: Katsina na da takobin nan Gajere da ake dangantawa da Korau, Daura na riƙe da takobin da ake cewa da shi Bayajidda ya kashe macijiyar Kusugu. Sanda kuwa, wadda yau gwamna ke miƙa wa sabon sarki, Turawa ne suka kawo ta bayan sun ci ƙasar, ita ce ƙaramarsu a shekaru.

Rawani ma magana yake yi. Malami na naɗawa, attajiri na naɗawa, dagaci na naɗawa, amma kunnuwa biyun nan da ke tsaye a ka, a Kano na jinin gidan Dabo ne. Na taɓa gani da idona, ina saurayi, wani baƙo ya zo kallon Hawan Daushe ya naɗa harsa fara tas, ya fitar mata da kunne biyu, wataƙila don ya ga ta yi kyau. Wani dattijon dogari ya matso kusa da shi, bai ɗaga murya ba, ya gaishe shi ya tambaye shi ɗan wane sarki ne. Mutumin ya rasa ta cewa. Ya koma gindin katanga ya tura kunnuwan ciki da yatsa, hannunsa na rawa. Ba wanda ya taɓa shi, amma kunyar da na gani a fuskarsa ba na so in gan ta a fuskar ɗan gidanmu.

Sai maganar Galadima. Wannan suna daga Barno ya zo mana, tare da Ciroma da Yarima da Kaigama. A can, a zamanin da, Galadima shi ne mai tsaron yammacin daula, mazauninsa Nguru. Waziri da Alƙali da Liman kuwa daga Larabci suke. Madaki namu ne na gida, madawaki ke nan, shugaban mahaya a fagen fama, wanda a wasu ƙasashen ake ce wa Ubandawaki. Kowannensu da kirarinsa: in ka ji maroƙi ya ce Daudu, Galadima yake nufi, Goje, Madaki, Gimba, Ciroma. Kowannensu da takensa a bakin algaita, da inda yake zama a fada, da wanda yake bi a jerin hawa.

Kuma ba duka sarautu ne ake ba wanda aka ga dama ba. Akwai na 'ya'yan sarki. Akwai na gidaje, waɗanda ba sa fita daga zuri'a ɗaya: masu zaɓen Sarkin Kano huɗu, Madaki daga Yolawa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa, Sarkin Dawaki Mai Tuta daga Sulluɓawan Tuta. Akwai na bayin sarki, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda sau da yawa sun fi hakimai kusa da kunnen Sarki. Akwai na mata, Magajiya a Daura, Inna a Gobir. Ko Ahmadu Bello, jinin Shehu ne ta wajen Muhammadu Bello, amma bai zama Sardauna ba sai da aka naɗa shi a 1938. Abokai su kira ka Galadima a majalisa, wannan wasa ne, ba mai hana su. Amma ranar da ka buga shi a kalanda ka rataye a zaure, ka yi iƙirarin abin da yake da masu shi, suna raye, sun san kakanninsu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi damuna ba kuskuren ba ne, ɗana. Ka tsallake naka ka tafi aro. Kakanka Sarkin Maƙera ne na garinmu, ubansa ma haka. Sarauta ce ta gaske, mai rawani, 'yar uwar Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Noma da Sarkin Ruwa. Ina da shekara tara aka naɗa shi. A ƙofar hakimi aka shimfiɗa tabarma, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, aka sa masa riga, aka naɗa masa rawani, ya faɗi ya yi gaisuwa. Da aka ɗora shi a kan doki sai masu dundufa suka saki kiɗa, don kiɗan maƙera ke nan, kamar yadda kalangu yake na mahauta. Abin da ban manta ba shi ne hannunsa a kan linzami, duk tabon tartsatsi, kuma linzamin nan shi ya ƙera shi. Washegari da asuba ya tuɓe rawanin ya rataye, ya koma gindin wuta, ni ina zuga masa.

Aikin sarautarsa kuwa ba kaɗan ba ne. In hakimi na son likkafa ko linzami ko ƙusoshin ƙyaure, shi ake kira ya raba wa maƙera. In damina ta kusa, shi ke tsayawa a ga garma da fartanya sun wadata a kasuwa. In baƙon maƙeri ya zo garin, a zaurenmu yake sauka kafin ya hura wuta. In maƙera biyu sun saɓa, ba a kai su gaban alƙali sai ya gaza. Ka tuna kuma, mashin da ka zana da sulken da ka gani ran hawa, ba su yi kyau ba sai da suka bi ta hannun maƙeri.

Ko ƙasashe da abin da suke da shi suke tinƙaho. Dubi tambarin Nijar: rana, da mashi da takubba biyu, da zangarniyar gero uku, da kan sa. Na Najeriya kuma farin layin da ya rabu biyu a baƙar garkuwa, kogin Neja ne da Binuwai inda suka haɗu a Lokoja.

Saboda haka ga shawarata. Cire masun, cire rawanin. Sa uwar maƙera, wato ƙarfen da ake dukan ƙira a kai, a tsakiya, masaba da awartaki a gicciye a kanta, zugazugi a ƙasa in wuri ya isa. In kana son ado a gefe, sa dagi, wanda ke jikin rigunanmu da sorayenmu, wannan na kowa ne. Ka rubuta "Gidan Sarkin Maƙera". Amma kafin ka buga, ka je ka gaida ɗan'uwana, baffanku da ke riƙe da rawanin Sarkin Maƙera yanzu, ka tafi da goro, ka nuna masa, domin sunan a wuyansa yake, shi ke da ikon cewa a sa ko kada a sa.

Uwar maƙerar kakanka tana nan a ɗakin zaure, a bayan buhunan gero, bakinta ɗaya ya ɗan lotsa saboda duka. Ka zo ran Asabar ka ɗauki hotonta ka zana ta yadda take, har da lotsawar. Ka gaida mahaifiyarka da yaran.

Baffanka.